Tulu Ba Ya Kai Kansa Kasuwa

Jawabin da aka karanta a madadin mata 'yan kasuwa na ɓangaren Boɗinga da Shagari, ranar bikin tunawa da kafa ƙungiya



Uwar ƙungiya, shugabarmu, ma'ajiya da sakatariya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu mata da ke kan tabarmar gaba, mazajenmu da suka yarje mana muka fito, da 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a buɗe kula, muna gaishe ku gaba ɗaya. Waɗanda suka taso daga Sifawa, da Danchadi, da Dandin Mahe, da Kajiji, sannunku da hanya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Da aka ce bana mu 'yan kasuwa ne za mu yi magana, sai muka zauna a rumfa muka yi ta shawara. Wata ta ce a yi maganar tsadar kuɗin mota, wata ta ce a yi ta masu cin bashi su ɓace. Daga ƙarshe muka tsaya kan abu guda: tukwanen Inna, da abin da ya shiga tsakaninmu da ita a shekarar Korona. Mun je mun nemi izininta. Ta ce mu faɗa, amma kada mu kama sunanta a takarda. To, ba mu kama ba. Kowa dai ya san ta, ga ta can ta ja mayafi ta rufe baki.

Wagga takarda da hannunmu muka rubuta ta, dare uku muna gogewa muna sakewa. In kun ji mun yi tuntuɓe wajen karatu, ku yi mana uzuri, da girmanmu muka koyi abacada.

Bari mu fara da aikin kansa. Dukanmu mun sha ruwan randa tun muna goye, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka ga yadda ake yin ta.

Aikin daga fadama yake farawa. Da sassafe ake zuwa a haƙo yumɓu, a loda wa jaki, a kawo gida. A shanya shi, a daka, a tsince tsakuwa da saiwoyi, sannan a jiƙa ya kwana. Yumɓu shi kaɗai ba ya jure wuta, don haka Inna takan daka tsingaron tsofaffin tukwane ya yi laushi ta zuba ciki, ta shiga da ƙafa ta yi ta tattakawa har ya haɗe. Da ta murza shi tsakanin yatsu ta san ko ya yi ko da saura. Sai ta kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka don kada ya manne, ta shimfiɗa yumɓun a kai tana bubbugawa har gindi ya fito. In ya sha iska ta cire, ta birkice shi, ta fara ɗora masa ciki da kafaɗa da wuya, tana murza yumɓu kamar igiya tana liƙawa, hannu ɗaya ciki, hannu ɗaya waje. In babbar randa ce, randar tana zaune wuri guda, Inna ce ke zagaya ta, duƙe, har ta rufe baki. Ba awo, ba ma'auni, amma ku jera tulunanta goma ku duba, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Bayan nan a shafa jar ƙasa, a goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har jikin ya yi sheƙi, a yi zane da tsinke. A bar su su bushe a inuwa tukuna, don in rana ta buge su da wuri sai su tsage. Ranar toyi kuwa sai an jira la'asar sakaliya, iska ta kwanta. A jera su, a rufe da tsingaro da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a sa wuta. Inna ta ce da dare tana kwance takan ji ƙarar wanda ya fashe cikin wuta, tana ƙirgawa daga kan gado. Da safe ta bi su ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen tulu yana amsawa da murya garau. Mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take, ko ido bai ga tsagar ba.

Kuma ku riƙe wannan, don shi ne gindin labarin: gini aikin rani ne. Da ruwa ya sauka, yumɓu ba ya bushewa, makamashi ya jiƙe, toyi ya tsaya. Abin da magina suka samu daga ƙarshen sanyi zuwa faɗuwar damina, shi ne zai kai su shekara.

Sana'ar nan tsohuwa ce a ƙasarmu. Malaminmu na aji ya gaya mana cewa tun 1929 da 1931 wani Bature ya yi rubutu kan maginan Sakkwato, ya ambaci Adarawa da Zoramawa da Rumbukawa. Shiyar Rumbukawa tana nan cikin birni har gobe. Inna ita ma wajen mahaifiyarta ta koya, mahaifiyar kuma wajen tata.

To ina muka shigo? Magini yana gini, amma tulu ba ya kai kansa kasuwa. A manyan birane akwai ɗakuna na musamman da ake kira ɗakin baje kolin fasaha. Mai ɗakin yakan karɓi aikin masu zane da masu gini, ya jera, ya kunna fitilu, mutane su zo kallo, in an saya ya cire kasonsa ya ba mai aiki nasa. Mu namu ɗakin baje kolin shi ne rumfar kasuwa da bakin titi. Kun san titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari, ya wuce Tambuwal da Jega, ya gangara Yawuri da Kwantagora. Mai mota ya tsaya sayen albasa, uwargida ta leƙo ta taga ta hango kaskon turare, shi ke nan ciniki ya faɗa. Masu zuwa daga birni su sayi tukwanen shuka fure, masu aurar da 'ya su kwashi kasake da tanda da randar ɗaki, yara su ja zanen uwa a saya musu asusu.

Ga yadda muke yi da Inna a da. Mu je gidanta mu ɗauki kaya, ba mu ba da ko sisi. In mun sayar mu kawo mata nata. Wanda ya fashe a hanya ko a rumfa, asararta ce. Haka muka tarar ana yi, haka muka ci gaba, ba wadda ta taɓa tambayar kanta ko daidai ne.

Sai ga 2020. Ranar 27 ga Fabrairu aka ce an sami mai cutar na farko a Legas. Muka ce Legas ina, Boɗinga ina. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, har da namu ajin na yamma. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, cikin Afrilu aka kulle Kano. Mu nan ba a tsare mu cikin gida kamar yadda aka yi musu ba, amma an rufe hanyoyin shiga jiha, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi gaba ɗaya, ba a sake ta ba sai 1 ga Yuli. Iyakar Illela kuwa da ma tun Agustan 2019 take rufe. Titin nan da ba ya barci, sai ka tsaya ka hangi akuya kwance a tsakiyarsa. Motocin abinci ne kawai ke wucewa jefi-jefi, su kuwa direbobin ba sayen kasko ne ya dame su ba.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, cikin tsananin zafi. A ƙa'ida lokacin ne kasuwar randa da tulu ke ci. Sun ɗan fita, amma mutane ba kuɗi a hannu, mai saye ɗaya masu tayi biyar. Biki kuwa ya koma ɗaurin aure kawai, a kai amarya shiru. Kayan amare, da tukwanen fure, da asusu, duk suka zauna suna shan ƙura.

Nan ne muka yi abin da ya sa muka zaɓi wannan labari, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yan kayan da muka sayar, ba mu kai wa Inna kuɗinta ba. Mun sayi gero da su, mun sayi sukari, mun yi buɗa-baki. In ta aiko jikanta, sai mu ce ya gaya mata babu kasuwa. Wasunmu ma suka loda ragowar kayan a amalanke suka mayar mata, wai rumfa ta cika. Ba ƙarya muka yi ba da muka ce babu kasuwa, amma ba duka gaskiyar muka faɗa ba. Mai karanta muku wagga takarda tana cikin waɗanda suka yi hakan.

Ana tsakiyar azumi wata daga cikinmu ta bi ta ƙofar gidan Inna, ta lura kwana da kwanaki ba a ga hayaƙin toyi ba. Muka haɗu mu huɗu muka je. Mun tarar da tsakar gida cike da ɗanyun tukwane sun bushe, ba a toya ba. Turken jaki babu jaki. Ta sayar da shi ta sayi hatsi. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ba mu labarin zafi, ba ta ce mana uffan kan kuɗi ba. Mu ne kunya ta ishe mu muka tayar da maganar. Sai ta yi shiru, can ta ce:

"Ɗiyana, ku zamna ku ji. Shekara nawa kuna ɗaukar kayana? Wanda yaf fashe nawa na, wanda anka saye naku na sai kun ga dama. Ban taɓa cewa komi ba. Amma bana na gaji. In na toya waɗanga, wa ka saye? In ruwa ya sauka su narke, su koma inda sunka hito. Ni na bar gini."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage mu ma da ya fi mana sauƙi. Muka fito ba mai magana da wata har bakin titi.

Muka kai maganar gaban ƙungiya. Waɗanda suka halarta za su tuna, ƙarƙashin dalbejiya muka zauna, nesa-nesa da juna, wasu da takunkumi wasu sun ja gefen hijabi sun rufe hanci. Shawararmu ita ce a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya a sayi duk abin da ke tsakar gidan Inna, kuɗi hannu, ta samu ta toya kafin ruwa.

Ba a karɓe ta da tafi ba. Ma'ajiya ta ce kuɗin asusu na rancen mambobi ne, Inna kuwa a lokacin ba mamba ba ce. Wata ta ce ita ɗanta ba lafiya, tana jiran a zo kanta a layin rance, yanzu a ce za a zuba kuɗin cikin ƙasa? Wata ta ce kaya ne masu fashewa, ba mai saye, ba wanda ya san ranar da za a buɗe hanya. Duk gaskiya suka faɗa, kuma har yau ba mu ga laifinsu ba. Mu kuma muka ce, in Inna ta bar gini, mu nawa ne nan rumfarmu za ta zama kango? Wace ce cikinmu ta iya ɗora wuyan tulu?

Abin da ya raba gardama shi ne littafi. Ɗaya daga cikinmu, tun da ta fara zuwa aji, takan rubuta duk abin da ta ɗauko gidan Inna, da wanda ta sayar, da wanda ya fashe, don ta gwada hannunta kawai. Ta buɗe ta karanto na rani guda. Da aka tara na fashewa wuri ɗaya, sai wurin ya yi tsit. Na mace ɗaya ke nan. A ka ba ka jin nauyinsa, yau ɗaya, jibi biyu. A takarda kuwa ga shi jere, kwanakin aikin tsohuwa ne muke sharewa da tsintsiya muna zubarwa bayan rumfa.

Aka tsayar da abu uku. Na ɗaya, duk wadda ta ci kuɗin Inna ta faɗi da bakinta, a rubuta, ta biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Na biyu, a bar kason masu larura a asusu kada a taɓa, a sayi kayan da sauran. Na uku, daga ranar, da zarar kaya sun bar ƙofar gidan magini, wanda ya fashe namu ne. Mata biyu ba su yarda ba, suka karɓi zubinsu suka fita. Ɗaya ta dawo daga baya. Ɗayar ba ta dawo ba, muna gaisawa, kuma ƙofa a buɗe take.

Inna ta toya kafin ruwan fari. Yaranmu ne suka yi mata dakon kara. Kayan suka fito, sai wata matsala: ina za a ajiye su? Maigidan ɗaya daga cikinmu ya ba mu aron zaurensa. Allah ya saka masa da alheri, yana nan zaune, shi ma ya ce kada a kama suna.

Da farko jibge su muka yi kamar buhunan gero. Wata 'yarmu da makarantarsu ke rufe ita ta ce, "Mama, ku bari in gyara." Ta share zauren, ta zuba farin yashi, ta jera manya a baya ƙanana a gaba, ta ba kowanne fili, ta juya gefen zanen ya kalli ƙofa. Wallahi da muka shigo sai muka tsaya. Kayan da muka shekara muna tallatawa, ranar muka fara ganinsu. A rumfa ido yana kan aljihun mai saye. A zaure kuwa ba mai saye, sai muka kalli tukunyar ita kanta.

Labari ya bazu. Matan da ba su zuwa kasuwa suka fara zuwa bayan isha'i, biyu-biyu, su wanke hannu a ƙofa su shiga da tocila. Waɗannan mata shekara da shekaru aike suke yi, abin da yaro ya ɗauko shi za su karɓa. Yanzu ga su suna zaɓa da kansu, suna ƙwanƙwasawa, suna tambaya wannan zanen mene ne sunansa. 'Yan matanmu kuma suka riƙa ɗaukar hoto da waya, da hantsi lokacin da haske ke shigowa ta ƙofa, suna sawa a WhatsApp. 'Yan'uwa da ke aure Sakkwato da Birnin Kabi suka fara cewa a ajiye musu wannan, a ajiye musu wancan. Da aka buɗe hanya a Yuli, akwai kayan da tuni suna da masu su.

Ita kuma Inna, da ta ga kuɗinta a hannu, sai hannun ya saki. Ɗan lokacin da ya rage kafin damina ta kankama, da ranin da ya biyo baya, ta yi abubuwa uku da ba ta saba ba.

Na farko randa mai famfo, don wanke hannu a ƙofar gida da masallaci, tun da ko'ina maganar ke nan a rediyo. Karo biyu tana lalacewa. Yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a wuta, sai hudar ta yi wa famfon kaɗan, in an matsa ta tsage. A na uku ta buɗa hudar fiye da yadda ido ke so, ta ƙara kaurin wurin, bayan toyi aka sa famfo aka liƙe da siminti. Ta zauna. Amfaninta ya wuce Korona, don yanzu ba mai tsoma moɗa da hannu cikin ruwan sha.

Na biyu tukunya cikin tukunya. Wannan ba ita ta ƙago ba. Wani malami ne a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar, iska tana busar da shi, tana tafiya da zafin, ciki ya yi sanyi. Dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na roba sanyi ke nan. Masu tumatir da tattasai da alayyafo cikinmu sun gwada, kayan da kan yi yaushi kwana biyu suka ƙara kwanaki. Sai dai ta fi aiki da bazara da hunturu. Da damina, iska jiƙe take, sanyin kaɗan ne.

Na uku ita ce wadda kuke gani nan gaban teburi. Ba wanda ya sa ta. Ta ce tun tana yarinya mahaifiyarta kan yi wannan zanen a randar amarya, amma ta bar shi don yana cin kwana biyu, mu kuwa kuɗin da muke biya ɗaya ne ko da zane ko babu. Wannan ma magana ce a kanmu. An taya randar nan sau da yawa, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Yau ma aro ta ba mu, kuma ta ce a gaya wa yara kada su jingina.

Yanzu muna roƙon duk mai naira ashirin ta ciro ta, in har akwai mai ajiye ta yanzu. Ku juya bayanta. Shekaru muna ba da canji da ita, tun fitowarta a 2007, muna ganin wata mata duƙe kan tukunya. Sai da muka shiga aji muka iya haɗa baƙaƙen da ke wurin: Ladi Kwali. Malaminmu ya ba mu tarihinta. Bagwariya ce daga garin Kwali, wajen gwaggonta ta koyi gini, da hannu, irin na Inna, tana zana kada da ƙadangare da kunama da kifi a jikin randa. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau. Can wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar gini da ya buɗe, ita ce mace ta farko. Aka baje kolin aikinta a Landan a 1958. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta yi boko ba. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984.

Kuma ashe abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Su ma can Landan, a Maris na 2020 an rufe ɗakunan baje kolinsu, suka koma nuna kaya ta intanet, kamar yadda 'yan matanmu suka yi da waya. Da annoba ta lafa, a farkon 2022, wani gida da ake kira Two Temple Place ya sake jera randunan Ladi Kwali, mutane suka yi ta zuwa kallo, shekara talatin da bakwai da wani abu bayan rasuwarta.

Ba muna cewa Inna za ta hau kan kuɗi ba. Abin da muka lura shi ne, duk inda randar Ladi ta je, sunanta na biye da ita. Mu kuwa in mai saye ya ce wa ya yi wannan, sai mu ce daga ƙauye ake kawowa, don kada ya bi sawu ya tsallake mu. Mun daina. Yanzu muna faɗa. Inna ta shiga ƙungiya, ta kuma zo aji na 'yan watanni, ta ce ita harafi ɗaya take so, na farkon sunanta. Ta koye shi. Ku duba gindin duk tulun da kuka saya wurinmu, za ku gan shi, ta zana da tsinke tun yana ɗanye.

Kada ku ɗauka riba muka kwasa. Wasu kayan sun fashe a zaure, wasu a mota, kuma mu muka ɗauka kamar yadda aka yi alkawari. Kuɗin asusu bai dawo cikakke ba sai bayan kaka. Abin da ya hau kai kaɗan ne, lissafin yana littafin ma'ajiya, duk mai so ta je ta duba. Jaki kuwa sai a rani na biyu Inna ta mai da wani. Amma rumfunanmu ba su mutu ba, kuma wadda ke jiran rance don ɗanta ta samu a kan lokaci.

Saura abin da ke gabanmu, don Korona ta wuce amma matsalar gini ba ta wuce ba.

Na ɗaya, wurin haƙar yumɓu. Gari yana faɗaɗa, ana yanka filaye, ramin da Inna ke zuwa yau gobe yana iya zama harsashin wani. Muna roƙon mazajenmu da ke nan su raka mu wajen masu unguwa da hakimai, a nemi a keɓe wa magina wuri tun ba a makara ba.

Na biyu, magada. Inna ba yarinya ba ce, gwiwa ta fara ƙi. Cikin jikokinta ɗaya ce ke zama kusa da ita. Mun san abin da ake faɗa a kan masu wannan sana'a, mun san akwai gidan da in an zo neman aure akan yi ƙus-ƙus. Mu da ke cin abinci da ita bai kamata a ji irin wannan a bakinmu ba. Ta ce duk yarinyar da ke so ta zo ran Alhamis da Juma'a da hantsi, ba ta son ko kwabo. Mu muka ce a'a, ƙungiya za ta duba abin da za a riƙa ba ta, kuma za mu kawo maganar a zama na gaba. Wadda ke da ja ta zo da shi a can.

Na uku, farashi. Roba ta cika kasuwa, ga arha, ga ba ta fashewa, ba mu ce kada a saya ba. Amma in kun zo sayen randa, kada ku taya ta kamar kuna taya ƙasa. Mai zane kuɗinta daban, yanzu haka muke biya, haka za mu sayar.

Na huɗu namu ne mu 'yan kasuwa. Ba Inna kaɗai muke ɗaukar kayanta ba. Akwai masu saƙa faifai da tabarma, akwai masu daddawa, akwai masu ƙuli-ƙuli. Kowace ta koma gida ta buɗe littafinta, ta duba wa ke ɗaukar asara tsakaninta da mai yi mata kaya. Wadda ba ta da littafi, aji yana nan, ba a rufe rajista ba.

Inna, a gaban jama'a muna sake neman gafararki. Kin ce kin yafe tun tuni, amma a ɗaki kika faɗa, mu kuwa laifinmu a kasuwa muka yi shi. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba gwiwa sauƙi. Waɗanda muka rasa a wannan shekara da bayanta, Allah ya jiƙansu. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irinta.

In an tashi, zauren yana buɗe har magariba, yaran za su nuna wa baƙi hanya. Ruwan da za a sha da abinci kuma daga randar Inna aka ɗebo shi.